Ta ci 45 cikin 60 a jarrabawa, amma sakamako ya fito da C: ina sauran makin ya tafi?

Tambaya daga Malamin Firamare, yankin Ringim:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina neman ƙarin haske daga malamai da waɗanda suka yi karatun kwamfuta a kwalejin kimiyya da fasaha, domin ni horon malanta na samu, kuma lissafin makin da na sani ya bambanta da wanda nake gani a takardar ƙanwata. Tana shekarar farko ta difloma a sashen kimiyyar kwamfuta, ni ne kuma nake ɗauke da nauyin karatunta tun bayan rasuwar mahaifinmu. A darasin koyon rubuta manhajar kwamfuta ta samu 45 cikin 60 a babbar jarrabawa, wanda a lissafina kashi 75 cikin ɗari ne, amma da aka liƙa sakamako sai ga 58 a gaban lambarta, wato C.

Da na zaunar da ita na bincika, sai na gano cewa cikin maki 40 na ayyukan zango, 13 kawai ta samu. Ta ci 6 cikin 10 a gwajin tsakiyar zango, aka ba rukuninsu 5 cikin 10 a aikin haɗin gwiwa, sauran 20 ɗin kuwa na ayyukan furaktikal guda biyu ne. Na farko ta miƙa shi bayan kwana uku da cikar wa'adi, saboda ta zo gida duba mahaifiyarmu, ruwa ya yanke hanyar da ke fitar da mu zuwa titi, wayarta ta mutu, a garinmu kuma sai an kai wa mai caji a bakin kasuwa, sabis ɗin ma sai an hau tudun bayan makaranta ake samunsa. Malamin ya duba aikin ya ce ya cancanci 8, amma ya cire biyu-biyu a kan kowace rana, aka bar ta da 2. Na biyu kuwa sifili aka ba ta, domin aikinta ya zo iri ɗaya da na wata ƙawarta, alhali ita ce ta rubuta, ƙawar ta ari filashinta ne da sunan za ta kwafi takardun lacca.

Abin da nake so in sani shi ne: shin malami yana da ikon yanke irin wannan hukunci shi kaɗai, ko akwai doka a rubuce? Kuma ya dace in je makarantar da kaina in yi magana, ko zuwan nawa zai ƙara jawo mata matsala?

Amsa daga Mai Koyar da Manhaja, Kazaure:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka maka da alheri a kan ɗawainiyar da kake yi. Ban san makarantar ba, ban kuma ji ta bakin malamin ba, saboda haka zan yi magana a kan tsarin da muke aiki da shi, wanda kusan ɗaya ne a kwalejojin da ke ƙarƙashin hukumar NBTE mai hedikwata a Kaduna, wadda tun 1977 take tsara manhajar karatun difloma da babbar difloma a ƙasar nan.

Lissafin da aka yi wa ƙanwarka daidai yake. A ma'aunin da muke amfani da shi, A tana farawa ne daga 75 kuma darajarta 4.00, AB daga 70 zuwa 74, B daga 65 zuwa 69, BC daga 60 zuwa 64, ita kuwa C daga 55 zuwa 59 take, darajarta 2.75, ana ci gaba da sauka har zuwa E da ke tsayawa a 40, duk abin da ya gaza haka faɗuwa ce. Da ta haɗa 30 cikin 40 a ayyukan zango, da 45 ɗin nan nata ya kai ta 75 cif. Kowane darasi yana da nauyin da ake ba shi a lissafin sakamako; idan wannan darasin yana da nauyin awa uku, kuma jimillar nauyin darussanta na zangon 20 ne, to bambancin A da C ya rage mata kusan 0.19 a GPA, wato matsakaicin darajar sakamakonta na zango. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda yake bakin iyaka, domin a matakan darajar difloma, babban kiredit yana farawa daga 3.00, ƙaramin kiredit daga 2.50, distinshin kuwa daga 3.50.

Dalilin da ya sa ake ɗora wa aikin hannu nauyi haka shi ne, jarrabawar da ake rubutawa a takarda ba ta iya nuna ko ɗalibi ya iya rubuta manhaja. Na sha duba takardun ɗaliban da suka haddace ma'anar algoridim (jerin matakan warware matsala) da ire-iren madauki (umarnin maimaita aiki) kalma bayan kalma, amma idan aka zaunar da su gaban kwamfuta aka ce su rubuta layi goma da za su tara makin ɗalibai su fitar da matsakaici, sai su tsaya suna kallon allo, ƙaramin kuskuren tazarar layi a Python, harshen rubuta manhaja, ya hana su motsi har lokaci ya ƙare. Wanda ya kai 45 a rubuce ya nuna ya fahimci darasi, amma rabin hujjar ke nan, sauran tana cikin abin da hannunsa ya aikata a tsawon zango.

Game da jinkiri, malami yana da ikon sa wa'adi da hukuncin saɓa shi, da sharaɗin ya sanar tun farkon zango, kuma ya yi wa kowa hukunci iri ɗaya. Tambayar farko da za ka yi wa ƙanwarka ita ce ko an ba su takardar tsarin darasi a makon farko, wadda ta ƙunshi rabon maki da ranakun miƙa aiki da abin da za a cire idan an makara. Idan an ba su, kuma maki biyu a kowace rana yana rubuce a ciki, to malamin bai ƙetare iyaka ba, ya ma sassauta, domin akwai waɗanda ba sa karɓar aiki ko da minti ɗaya ya wuce. Ba mugunta ce ke sa mu tsaurara ba. Da zarar an mayar da aikin da aka duba, amsa ta yaɗu a zauren WhatsApp na aji, wanda ya kawo nasa daga baya ba a iya sanin ko nasa ne. Abin da ke ba ni takaici shi ne, uzuri irin na ƙanwarka karɓaɓɓe ne a wurin mafi yawanmu da ya iso kafin wa'adi. Saƙon waya na layi biyu, ko ta wayar wani maƙwabci, zuwa ga wakilin aji, da ya wadatar. Uzurin da ya zo bayan an rufe karɓa kuwa, ko da gaskiya ne, yana shigowa ne cikin jerin wasu da yawa da ba gaskiya ba, malamin kuma ba shi da hanyar tantancewa.

Batun kwafi ya fi nauyi. Gane aikin da aka kwafa ba shi da wuya kamar yadda ɗalibai suke zato. Ko an canza sunayen ma'ajiyoyi, wato wuraren da manhaja ke adana bayanai, ginin manhajar yana nan yadda yake, wani lokaci har kuskuren rubutun da ke cikin bayanin gefe sai ka gan shi a wuri ɗaya cikin ayyuka biyu. Akwai ma manhajar Moss, wadda aka ƙirƙira tun 1994 kuma Jami'ar Stanford ta Amurka take kula da ita, aikinta ke nan, kwatanta ayyukan ɗalibai da juna. Amma manhaja tana nuna kamanni ne kawai, ba ta faɗin wanda ya rubuta da wanda ya ɗauka, shi ya sa ƙa'idar da aka saba ita ce a hukunta duka biyun. A nan ne nake ganin ƙanwarka tana da ƙofar da za ta ƙwanƙwasa.

Shawarata ita ce kada ka je da kanka tukuna. Ita ce ɗaliba, ita ya kamata ta fara zuwa wurin malamin cikin ladabi, ta roƙi a ba ta damar kare aikinta da baki. Idan ya ƙi, sai ta rubuta takarda zuwa ga shugaban sashe ta hannun malamin da ke kula da ajinsu, ta riƙe kwafi.

Amsa daga Tsohuwar Ɗaliba, Hadejia:

Malam, na karanta bayaninka kuma na ƙaru, amma ina neman afuwa, akwai inda ban gamsu ba. Ka ce a duba takardar tsarin darasi, alhali a shekarun da na yi ina difloma, darussan da aka ba mu irin wannan takarda ba su kai rabi ba. Wani malamin da baki zai faɗi rabon maki a laccar farko, lokacin da rabin aji suna kan layin rijista, daga baya kuma ya canza ba tare da sanarwa ba, gwajin da aka ce na maki 10 ne ya koma 20 saboda ba a samu damar yin furaktikal ba, janareta babu mai. Idan ana so ɗalibi ya kiyaye ƙa'ida, to wajibi ne ƙa'idar ta kasance a rubuce, a kuma mayar masa da aikinsa ya ga inda ya yi kuskure. Mu sau da yawa ba ma ganin makin ayyukan zango sai ranar da sakamako ya fito, lokacin da babu sauran abin gyarawa.

Sannan hukunci iri ɗaya ga kowa ba lallai ne ya zama adalci ba. Ɗalibin da ke zaune a cikin gari, gidansu da sola, yana da kwamfutar kansa, da yarinyar da ke aron kwamfuta awa biyu da yamma, ba ta kuma da ikon zama a ɗakin kwamfuta bayan magariba saboda motar garinsu za ta tashi, ba wa'adi ɗaya aka ba su ba ko da ranar ɗaya ce. Ban ce a cire hukuncin jinkiri ba, domin a wurin aiki ma akwai shi. Abin da nake ganin ya dace shi ne a ba kowane ɗalibi 'yan kwanakin rangwame a zango, ya yi amfani da su lokacin da ya ga dama ba tare da an nemi hujja ba, idan sun ƙare sai hukunci ya hau kansa. Da haka malami ya huta da sauraron uzuri, ɗan ƙauye kuma bai rasa maki shida saboda ambaliya ba.

Makin rukuni kuwa, kowa ya san yadda yake. Mutum biyu ne suke aikin, sauran su haɗa kuɗin buga takarda a sa sunansu. Ba zan yi mamaki ba idan 5 ɗin nan ma ƙasa yake da abin da ta cancanta.

Yaya, ga abin da za ka gaya wa ƙanwata. Ta duba kwamfutar da ta yi aikin a kai, domin kowane fayil yana ɗauke da ranar da aka gyara shi na ƙarshe, idan kuma ta ajiye tsofaffin gwaje-gwajenta da ba su yi aiki ba, su ne babbar shaidarta, tunda mai kwafi ba ya da tarihin kuskure. Nan gaba ta riƙa tura wa kanta aikin ta imel duk lokacin da ta kai wani mataki, ko ta koyi amfani da manhajar Git, wadda ke rubuta rana da lokacin kowane canji. Ta sa Pydroid a wayarta don ta riƙa gwada ƙananan manhajojin Python ko tana gida, ba ya buƙatar data bayan an sauke shi. Filashin da take ba mutane aro kuma kada ya zama shi ne wanda aikinta yake ciki.

Amsa daga Dattijo Mai Ritaya, Gumel:

Ɗana, na yi shekaru a ofishin jarrabawa kafin in ajiye aiki, saboda haka bari in faɗa maka abin da ke faruwa da maki bayan ya bar hannun malami. Malami yana miƙa shi ga jami'in jarrabawa na sashe, sashe ya zauna ya duba, a wuce da shi gaba har hukumar harkokin karatu ta makaranta ta amince. Kafin amincewar, gyara yana da sauƙi idan malamin ya yarda akwai dalili. Bayan ta kuwa, ko malamin yana so, ba zai iya ɗaukar biro ya canza ba, sai an bi ta takarda an kawo hujja. Tunda ka ce an riga an liƙa sakamako, kada yarinyar ta ɓata lokaci, domin makarantu suna sa wa'adin karɓar ƙorafi, kuma yana cikin littafin jagorar ɗalibai da aka ba ta ranar rijista, wanda na tabbata yana ƙasan akwati ba a taɓa buɗe shi ba.

Ka kuma bambance abu biyu. Neman a sake duba takardar jarrabawa daban ne, yawanci ana biyan kuɗi a kansa, kuma ba shi ne damuwarku ba tunda babu wanda ya yi jayayya da 45. Naku ƙorafi ne a kan makin zango, a takardar ta tsaya a kan aikin da aka ba ta sifili kaɗai. Idan ta haɗa da batun jinkiri da na rukuni, za a ɗauka mai neman maki ce ta kowace hanya, a yi watsi da duka.

Ina kuma gargaɗinka da abin da mutanenmu suke yi da kyakkyawar niyya. Kada ka ɗauki zabbi ko kwanon wake ka nufi gidan malamin, kada ka nemi wani mai faɗa a ji ya kira shi. Abin da kake gani gaisuwa ce, a can sunansa neman canza sakamako, kuma yana iya mayar da ƙaramar magana ta zama ta kwamitin ladabtarwa. Ka lura ma cewa malamin ya tsaya a sifili ne, bai kai rahoton satar amsa ba, wanda da ya kai, da hukuncin ya wuce maki 10 nesa.

Ka kwantar da hankalinka game da C ɗin. Ba ta faɗi ba, ba za ta maimaita darasin ba, kuma a ma'aunin kwaleji 2.75 cikin 4.00 ne. A jami'o'i irin su Bayero ko ta Tarayya da ke Dutse, inda ake lissafi a kan 5.00, A tana farawa daga 70, C kuma daga 50 zuwa 59, shi ya sa iyaye suke rikicewa idan suka kwatanta takardun 'ya'yansu. Abin da za ta sa a gaba shi ne kada jimillarta ta sauka ƙasa da 2.50, domin ƙaramin kiredit ake nema, tare da shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, kafin a shiga babbar difloma. Saura zango uku a gabanta. Sai dai ta kula da zuwa gida a tsakiyar zango, musamman da damina, domin ana buƙatar halartar kashi 75 cikin ɗari na laccoci kafin a zauna jarrabawa, kuma na ga ɗalibai masu ƙoƙari da aka hana shiga zaure saboda wannan kaɗai. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan jinyar mahaifiyarku za ta riƙa dawo da ita gida, ta sanar da malamin ajinsu a rubuce tun yanzu.

Amsa daga Mai Shagon Kwamfuta, Wudil:

Ni ba malami ba ne, amma duk shekara ɗaliban difloma suna zuwa shagona yin wata huɗu na SIWES, shirin koyon aiki a aikace da hukumar horar da ma'aikata ta ITF take kula da shi. Ban cika tambayarsu sakamako ba, sai dai in ba su kwamfutar da ta ƙi tashi, ko in ce su haɗa na'urori uku su riƙa amfani da firinta ɗaya. Wanda ya yi furaktikal da hannunsa a makaranta, a ranar farko ake gane shi. Saboda haka ina tare da Malam na Kazaure a kan nauyin da ake ba aikin hannu, har ina ganin 40 ya yi kaɗan. Game da wa'adi kuwa, mai makarantar da na yi wa alkawarin kammala shigar da sakamakon ɗalibansa kafin ranar hutu ba zai saurari labarin ɗaukewar wuta ba, amma idan na kira shi tun da wuri, yakan ƙara min lokaci ba tare da ɓacin rai ba.

Malamin Firamare ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma, Baba, ya kuma saka wa kowa. Na kira ta, ta tabbatar min an ba su takardar tsarin darasi kuma hukuncin jinkiri yana ciki, saboda haka mun bar wannan. Tsofaffin fayilolin suna nan a kwamfutar da ta ara, guda huɗu, kowanne da ranarsa. Abin da ya rage mata shi ne tsoron kada kare kanta ya zama tona asirin ƙawarta. Malam, yaya ake gudanar da wannan kariya ta baki, kuma dole ne ta ambaci sunan yarinyar?

Mai Koyar da Manhaja ya amsa:

Ba sai ta ambaci kowa ba, Malam, domin malamin ya riga ya san ayyukan da suka zo iri ɗaya. Abin da za ta roƙa shi ne a gwada ta a kan nata. Yadda nake yi, kuma tun da ChatGPT, wanda ke iya rubuta wa mutum manhaja, ya fito a ƙarshen 2022 abokan aikina da dama sun koma yin haka ga kowane aiki, shi ne in buɗe manhajar a gaban ɗalibi in nuna wani layi in tambaye shi abin da zai faru idan aka goge shi, sannan in ce ya canza wani abu nan take, misali manhajar da ke fitar da matsakaicin maki ta koma fitar da mafi girma, ko ta ƙi karɓar lambar da ta wuce 100. Wanda ya rubuta da kansa yakan gama cikin minti goma ko da hannunsa yana rawa. Mai yiwuwa a kira ɗayar ma a yi mata irin tambayoyin, wannan kuma ba ƙanwarka ce ta jawo ba.

Kada ta sa ran za a mayar mata da makin gaba ɗaya, domin wasu malaman suna cire wani abu saboda sakacin barin aiki ya fita daga hannu, kuma ina ganin suna da hujja. Amma ko 7 aka ba ta, 58 ya zama 65, wato B mai daraja 3.25. 'Yar'uwarmu ta Hadejia kuma ta yi gaskiya a kan mayar wa ɗalibai makinsu kafin jarrabawa, wannan haƙƙinsu ne a kanmu, kuma wakilin aji yana da damar tunatar da malami a mako na goma ko kafin haka. Ta tafi da kwamfutar da ta ara ɗin maimakon ta kwafo fayilolin a filashi, don kada a yi jayayya a kan ranakun, ta kuma je a lokacin da malamin ya ware don ganin ɗalibai a ofis.